Tafiya da Ƙafa: Maganin da Ba a Saya a Kemis

Manufar darasi: Mu gane abin da tafiya da ƙafa take yi wa jiki da hankali, mu san yawan tafiyar da ta isa, mu kuma ga yadda iyali za su mai da ita al'adar gidansu.

Gabatarwa

Idan muka zauna da dattawanmu suna ba da labarin ƙuruciyarsu, da wuya a gama hirar ba a ambaci doguwar hanya ba. Da ƙafa aka je gona, da ƙafa aka dawo da dami a kai. Mata sun sauka rafi da tulu tun da asuba, sun shiga daji neman itace, ranar kasuwa kuma sun bi hanyar ƙauye da kaya niƙi-niƙi. Yara da yawa sun yi tafiyar mil uku ko huɗu kafin a buga ƙararrawar makaranta. Ba wanda ya kira wannan motsa jiki. Wahala ce, iyayenmu kuwa sun yi fatan 'ya'yansu su huta da ita.

To, an huta. Yau a Jos, Kafanchan, Yola, Jalingo da sauran garuruwanmu, keke yana jira a bakin kowace kwana. Ma'aikaci yakan fito daga gida ya hau abin hawa, ya wuni a kan kujera, ya dawo ya zauna gaban talabijin ko waya har barci ya ɗauke shi. Mai shago takan wuni a kan benci tana jiran masu saye. Babu mai so a koma zamanin ɗaukar tulu, gama sauƙin nan alheri ne. Sai dai lokacin da muka sauke wahalar, mun sauke har da wani abu da yake tsare lafiyarmu ba mu sani ba. A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto cewa a 2022, kashi 31 cikin 100 na manyan mutanen duniya, wato wajen mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon yadda lafiyarsu take bukata. Mu duba jerin marasa lafiya da muke ziyarta kowane wata: hawan jini, ciwon sukari, shanyewar ɓarin jiki. Sau da yawa kuma mai ciwon shi ne mai ciyar da gida.

Abin da darasin nan yake so ya koya mana ɗaya ne. Tafiyar da iyayenmu suka yi bisa tilas, mu sai mun yi ta da niyya, mu ba ta lokacinta kamar yadda muke ba cin abinci da wanka nasu lokaci.

1. Yadda aka gano amfanin tafiya

Bayan yaƙin duniya na biyu, ciwon zuciya ya yi ta kashe magidanta a Ingila, likitoci kuwa ba su san dalili sosai ba. Wani likita mai suna Jeremy Morris ya sa ido a kan ma'aikatan motocin bas masu bene na birnin Landan, kimanin mutum 31,000. A kowace mota akwai mutum biyu. Direba yana zaune kusan duk wunin aikinsa, kwandasta kuwa yana hawa bene yana sauka yana karɓar kuɗin mota. Gari ɗaya suke, aiki wuri ɗaya, zamansu bai bambanta sosai ba. Da Morris ya buga sakamakonsa a 1953, sai aka ga kwandastoci ba sa kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobi, idan ma sun kamu yakan zo musu a makare, bai cika yin kisa farat ɗaya ba. Ya kuma gwada masu rarraba wasiƙu gida gida da abokan aikinsu masu zama a ofis, ya sami abu iri ɗaya. Shi kansa Morris ya riƙe motsa jiki har tsufansa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99.

Abin lura a nan shi ne, kwandastocin ba 'yan wasa ba ne, ba su kuma biya kuɗi a wani wurin motsa jiki ba. Ƙafarsu ce kawai take aiki kowace rana.

2. Abin da tafiya take yi wa jiki

Zuciya tsoka ce, kowace tsoka kuwa da aiki take ƙarfi. Sa'ad da mutum yake tafiya da ɗan sauri, zuciya takan ƙara bugu domin ta kai jini ga ƙafafu. Idan aka yi haka mako bayan mako, takan iya tura jini mai yawa a bugu ɗaya, saboda haka ba ta wahala kamar dā. Jijiyoyin jini kuma sukan saki, su yi laushi, jini ya wuce ba tare da matsi ba. Dalili ke nan masu yin tafiya a kai a kai sukan ga awon jininsu ya ɗan sauka. Saukar ba ta da yawa a ido, amma ko kaɗan ce tana rage haɗarin shanyewar jiki. Akwai kuma tsokar sha-raɓa, wadda take matsa jijiyoyi a kowane taku tana mai da jini sama zuwa zuciya. Wanda ya wuni a zaune ya hana ta aikinta, shi ya sa ƙafafunsa sukan yi nauyi ko su ɗan kumbura da yamma.

Game da ciwon sukari, ga yadda abin yake. Tuwo, shinkafa, doya da dankali duk sukan zama sukari a cikin jini bayan an ci. Tsokar da take aiki takan zuƙe sukarin nan ta ƙone shi, har ba ta bukatar insulin mai yawa kafin ta yi haka. Saboda haka tafiyar minti 10 ko 15 bayan cin abinci tana hana sukari hawa sosai. A 2002 aka buga sakamakon wani babban gwaji a Amurka a kan mutum 3,234 waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba tukuna. An ba wasu maganin metformin. Wasu kuma aka taimake su su gyara cin abinci, su rage ƙiba kaɗan, su yi motsa jiki na minti 150 a mako, yawanci tafiya da sauri. Bayan wajen shekara uku, maganin ya rage kamuwa da ciwon da kashi 31 cikin 100, gyaran abinci da tafiya kuwa suka rage shi da kashi 58.

Ƙashi ma yana son a ɗora masa nauyin jiki, gama ta haka yake riƙe ƙarfinsa, musamman ga mata bayan sun daina al'ada. Gwiwa kuma motsi ne yake zagaya ruwan da ke ciyar da guringuntsinta. Mutane da yawa masu ciwon gwiwa na tsufa sukan daina tafiya don tsoron ƙara ciwon, alhali zaman ne yake sa gwiwar ta ƙage, tsokar cinya ta yi rauni. Tafiya a hankali a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya takan rage musu zafin.

3. Abin da tafiya take yi wa hankali

Akwai damuwa irin ta kullum, ta kuɗin makaranta da tsadar abinci da labarin tashin hankali. Akwai kuma ciwon damuwa, inda baƙin ciki yake danne mutum makonni, barci ya ƙi, abinci ya fita ransa, abin da yake so dā ya daina ba shi sha'awa. Wannan ciwo ne kamar sauran cututtuka, ba ragwanci ba ne, ba kuwa abin kunya ba.

A 1999 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka raba mutum 156 masu shekara 50 zuwa sama, dukansu masu wannan ciwo, kashi uku. Kashi na fari suka sha magani, na biyu suka yi tafiya da sauri ko sassarfa ta minti 30 sau uku a mako, na uku suka haɗa duka biyu. Masu shan magani sun fara samun sauƙi da wuri, amma bayan mako 16 duka kashi ukun sun sami sauƙi kusan daidai. Wannan bai nuna mai ciwo ya ajiye maganinsa ba. Ya nuna dai tafiya tana da ƙarfin da ya isa a lasafta ta cikin magunguna.

Ƙwaƙwalwar tsofaffi ma tana amfana. A wani gwaji da aka buga a 2011, an raba tsofaffi 120 gida biyu, rabi suna tafiya sau uku a mako har shekara guda, rabi suna miƙe gaɓoɓi kawai. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, sashen da yake riƙe tuni ya ƙaru da wajen kashi 2 cikin 100 a wurin masu tafiya, a wurin sauran kuwa ya ɗan ragu kamar yadda yakan yi da tsufa.

Ban da abin da likitoci suka auna, akwai abin da kowannenmu zai iya gwadawa. Mutumin da ya fita da fushi ya yi zagaye na rabin sa'a, da wuya ya dawo da zafin da ya fita da shi. Wanda ya sha hasken safiya a waje, jikinsa kuma ya ɗan gaji, yakan sami barci da dare. Sa'an nan akwai maganar da ba ta fita idan ana zaune ana kallon juna, amma takan fita idan ana tafiya kafaɗa da kafaɗa. Saurayin da ba ya iya ɗaga ido gaban mahaifinsa a falo, a kan hanya yakan faɗi abin da yake damunsa a makaranta. Miji da mata da yara suka hana su sakewa a gida, a hanya sukan gama shawarar da ta yi wata guda tana jira. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, mu kuwa mun fara mai da ita a waya.

4. Nawa ne ya isa?

Bisa ga shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, babban mutum yana bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Mafi sauƙin lissafi shi ne minti 30 a rana, kwana biyar a mako. Ba dole a yi shi gaba ɗaya ba. Minti 10 da safe, 10 da rana, 10 da yamma duk suna shiga lissafi. Yara masu shekara 5 zuwa 17 suna bukatar wajen minti 60 kowace rana. Mace mai ciki wadda ba ta da wata matsala ita ma ana so ta sami minti 150 a mako. Masu shekara 65 zuwa sama kuma su ƙara da abin da zai ƙarfafa tsayuwarsu kwana uku a mako domin kada su riƙa faɗuwa, misali tashi daga kujera da komawa sau da dama, ko tsayawa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango.

Ta yaya za a san saurin ya yi daidai? Idan kana iya magana da abokin tafiyarka amma numfashi ba zai bar ka ka rera waƙa ba, ka sami ma'auni. Idan kana waƙa ba wahala, ƙara sauri. Idan ko magana ta gagara, sassauta.

Masu wayar da take ƙidaya taku sun sha jin cewa sai an yi taku 10,000 a rana. Wannan adadi ba daga asibiti ya fito ba. A 1965 wani kamfani a Japan ya fitar da na'urar ƙidayar taku, ya sa mata suna mai ma'anar ma'aunin taku dubu goma, adadin ya bi duniya. A 2019 Farfesa I-Min Lee ta Jami'ar Harvard da abokan aikinta suka buga bincike a kan tsofaffin mata fiye da 16,000, masu shekara wajen 72. Cikin shekaru huɗu da aka bi su, mutuwa a tsakanin masu taku wajen 4,400 a rana ta kasa ta masu taku 2,700 da kimanin kashi 40 cikin 100. Amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har wajen taku 7,500, daga nan ya daidaita. Saboda haka kada Mama ko Baba su karai don ba su kai dubu goma ba. Wanda ya fi kowa cin riba shi ne wanda dā ba ya yin kome, ya fara yin kaɗan.

5. Abubuwan da suke hana mu

Na fari shi ne kunya. A wurinmu ana ɗaukar tafiya a ƙasa alamar rashi. Dattijo mai mota ya fito da ƙafa, kafin ya kai kwana mutum uku sun tsaya suna cewa, "Baba, lafiya? Motar ta lalace ne? Shigo in kai ka." Ladabi ne ya sa suka tsaya, sai a gode musu, a ce likita ne ya ce a riƙa takawa. Bayan mako biyu unguwa za ta saba, wataƙila ma wani ya biyo baya. Kunyar kwana kaɗan ba ta kai nauyin kwanciyar shekaru ana juya mutum a kan gado ba.

Na biyu, rashin lokaci. A nan dabara ita ce a sa tafiyar cikin abin da dama za a yi. A sauka daga keke tun da sauran tafiyar minti goma a kai wurin aiki. A raka yara makaranta da ƙafa. Idan majami'a ba ta da nisa, a fito da wuri ranar Lahadi a taka tare, kuɗin abin hawa kuma ya zauna a aljihu. Masu zuwa gaishe da marasa lafiya a cikin unguwa su bar babur a gida.

Na uku, wasu za su ce aikinsu ya ishe su. Manomin da yake noma da fartanya da damina, da macen da har yanzu take ɗebo ruwa daga nesa, gaskiyarsu ce, sun riga sun cika ma'auni, abin da suke bukata shi ne hutu da abinci mai kyau. Amma manomi ya tambayi kansa me yake yi da rani bayan an kai amfani gida. Uwargida kuma ta lura, tsayuwa gaban murhu da zama kan wanki suna gajiyar da baya, amma ba su cika sa zuciya ta ƙara bugu ba. Gajiya dabam, motsa jini dabam. Maigida nagari zai riƙe yara na rabin sa'a domin matarsa ta fita da maƙwabciyarta.

Na huɗu, tsaro. Wannan ba abin wasa ba ne a wurare da yawa. Kada a fita cikin duhu, kada a bi hanyar da ba mutane, a tafi biyu biyu ko fiye, a kuma gaya wa na gida inda aka nufa. Inda fita waje ba ta yiwuwa, zagaya filin makaranta ko harabar majami'a ko tsakar gida ya wadatar.

6. Yadda za a fara

Wanda ya daɗe bai yi tafiya ba ya fara da minti 10 a rana a mako na fari, ya riƙa ƙara minti biyar kowane mako har ya kai 30. Sannu ba ta hana zuwa. A fara a hankali na 'yan mintoci kafin a ƙara sauri, a kuma sassauta kafin a tsaya. A zaɓi lokaci ɗaya a riƙe shi, da sassafe ko da la'asar sakaliya, a guji tsakar rana musamman a watannin Maris da Afrilu. A sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo. Da hunturu, masu asma da masu tari su jira ƙura ta lafa ko su rufe hanci. Da damina a guji ratsa ciyawa mai duhu saboda macizai.

Takalmi ya zama mai rufi, mara tsini, wanda bai matse ba. Silifas ba na doguwar tafiya ba ne. Da yake motoci a ƙasarmu hannun dama suke bi, mai tafiya ya kama gefen hagu domin ya riƙa ganin motar da take zuwa, ya sa tufa mai haske, kada kuma ya toshe kunnuwansa da waya.

Akwai waɗanda ya wajaba su ga likita ko ma'aikacin lafiya kafin su fara: mai ciwon zuciya, wanda jininsa ya hau ƙwarai ba a shawo kansa ba, wanda ya taɓa samun shanyewar jiki, da mai ciki da aka ce ta yi hankali. Mai ciwon sukari da yake shan magani ko allura kada ya fita da yunwa, ya riƙe ɗan abin zaƙi a aljihu, ya kuma duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowace rana, gama ƙaramin rauni a ƙafarsa yana iya zama babban gyambo bai ji zafi ba. Duk wanda ya ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe masa fiye da kima, ya tsaya nan take a kai shi asibiti. Kada kuma kowa ya daina shan maganin hawan jini ko na sukari don ya fara tafiya. Likitan da ya rubuta maganin shi ne zai rage shi idan awo ya nuna haka.

Abin da ya fi riƙe mutum a kan wannan al'ada shi ne abokin tafiya. Ranar da sanyi ya ce a ƙara barci, sanin cewa wani yana jira a ƙofa shi yake tā da mutum. Zumuntar mata, ƙungiyar maza da ta matasa suna iya sa safiyar Asabar ta zama ta tattaki, a riƙa tafiya da saurin wanda ya fi kowa rauni domin kada a bar tsofaffi a baya.

Tambayoyi domin tattaunawa a gida

1. Kowa ya lasafta: minti nawa ka yi kana tafiya jiya, sa'a nawa kuma ka yi a zaune?
2. Waɗanne wurare ne muke zuwa da abin hawa alhali ƙafa za ta kai mu cikin minti 15?
3. Wane ne a gidanmu ko maƙwabtanmu yake da hawan jini, ciwon sukari ko damuwa, wa zai riƙa raka shi?
4. Me ya kamata maigida ya ɗauke wa uwargida domin ita ma ta sami lokacin fita?
5. Wace hanya ce a unguwarmu ta fi aminci, da wane lokaci?

Kammalawa

'Yan'uwa, kuɗin asibiti na wata ɗaya ga mai shanyewar jiki yana iya cinye abin da iyali suka tara na shekaru, ban da wanda zai bar aikinsa ko makarantarsa ya zauna jinya. Tafiya ba ta hana kowace cuta ba, ba ta kuma maye gurbin awon jini da ganin likita. Amma cikin dukan abubuwan da aka tabbatar suna tsare zuciya da hankali, ita ce ba ta bukatar ko kwabo, mai kuɗi da talaka kuwa ƙafa biyu biyu aka ba su. Kafin mujallar nan ta sāke fitowa akwai wata uku. Iyali su zauna yau su sa rana da lokaci, waɗanda suka kai shekara 40 su auna jininsu su rubuta, a yi ta takawa har ƙarshen watannin, sa'an nan a sāke awo a gwada. Allah ya ba mu lafiya da ƙarfin farawa.